Abin da Giwa Ta Sa Na Furzar

Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.
Afrilu, 2001.

Zuwa ga angona Mu'awiya, mai bautar ƙasa a Kalaba,

Kafin in gaishe ka, tsaya ka ɗauki wanga kacici-kacici. Mene ne abin da ya zauna a bakina tun ina yarinya mai goyon fari, ban tauna ba, ban haɗiye ba, ban tofar ba, har na yi furfura, sai ga giwar wata ƙasa ta sa na furzar da shi a tsakiyar daji? Kai da ka ƙare jami'a sai ka faɗa mini. In ka kasa ka ba ni gari, kuma ba na karɓar Kalaba, an ce ruwan sama ba ya ɗaukewa can.

To, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ban da ƙuguna da zuciyata. Yaya aiki, yaya baƙunta, yaya abincinsu? An ce ka rame. Madalla, haka ake yi wa mijin da ya bar tsohuwar matarsa ba goro ba sabulu.

Ƙara na kawo maka, ƙarar ubanka. Ka san tun da aka yanke mana jiha aka maido shi daga Sakkwato zuwa ofis a Gusau kansa ya cika da dabaru. Da Shari'a ta zo aka rufe sinima, makaɗa suka rataye kalangu, masu hankali suka koma ɗaukar karatu a masallaci. Shi kuwa sai ya sayo wata doguwar mota mai shiga rairayi a hannun wani Bature da ya gama haƙa burtsatse a Zurmi. Baturen nan, Allah Ya shirye shi, bai tsaya ga mota ba. Ya haɗa masa da tanti biyu, da kujerun tsumma masu naɗewa, da kyamara, da mugun labari. Wai akwai wani gandun daji can bayan Yamai a ƙasar Nijar, inda mutum zai tuƙa kansa da iyalinsa, ya kwana a dawa, ya kalli namun daji.

Kallo fa, Mu'awiya, ba farauta ba. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana korar birai daga gonar dawa a Birnin Tsaba, yau ga ɗansa ya cika mota da mai ya tafi wata ƙasa ya biya don ya gan su.

Ya aiko uwarka Ramatu wai a tafi da ni. Na ce ko ƙofar gida. Sai ƙanwarka Anisa, wannan mai bakin reza, ta ce a ƙyale Kaka, tsoron zaki take ji. Ni da na haifi ɗiyana a kan tabarma ba likita ba allura! Kafin gari ya waye na ɗaure kayana.

Abin da ban yi tunani ba shi ne mota ta yi ƙanƙanta ga ni da ubanka. Ɗan farina ne, ka sani. Tun ranar da liman ya raɗa masa suna ina bayan ƙyaure ina ji, harshena bai taɓa ɗaukar sunan nan ba. Ba na cin abinci gabansa, ba na yi masa magana kai tsaye, ba na duban tsakiyar idonsa. Uwata Bafillatanar Jangeru ce, ita ta koya mini, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira yayana da sunansa ba. Ana yaye ubanka kakarsa ta ɗauke shi ta tafi da shi Shinkafi, ina tsaye ina daka, ban ko ɗaga kai ba, mata suka yi ta yabona. Mahaucin unguwarmu mai irin sunan, "mai nama" nake ce masa har yau. Bayan ambulan ɗin nan ma Anisa ce ke rubutawa, don sunanka na haɗe da nasa. Ko a addu'a "wancan" nake cewa, Allah Ya san wanda nake nufi. Ku ɗiyan zamani kuna dariya, amma wasu mata gwal suka tara, ni kunya na tara, kuma ita nake son in shiga kabari da ita.

To ga ni an zaunar da ni daidai bayansa, gwiwata na taɓa kujerarsa. A motar mata da gwamnati ta ware mana sai in miƙe ƙafa in ci gyaɗata. Nan kuwa ba abin kallo sai ƙeyarsa, daga Shinkafi zuwa Isa zuwa Sakkwato. Ashe har ya yi furfura. Ba wanda ya gaya mini. In ƙishirwa ta kama ni sai in ce, "Anisa, gaya wa direba tsohuwa na son ruwa." Shi kuma ya ce, "Anisa, gaya wa Inna an ji." Ramatu na gaba tana toshe baki da gyale.

A kan iyaka, da muka wuce Illela, wani jandarma ya leƙo ta taga yana duba takardu. Ya dube ni ya ce, tsohuwa, mi ne haɗinki da mai mota, kuma mi ne sunansa? Na dubi sama. Ya sake tambaya, na dubi ƙasa. Motoci suka taru bayanmu suna oda, Anisa tana zungurina tana cewa in faɗa mana kada a kwana nan. Na ce a kwana, ai da tanti muka zo. Can sai jandarman ya yi dariya ya ce, "Ɗan fari ne ko? Wuce Inna, tawa uwar ma haka take." Ka ga mai tarbiyya. Ubanka kuwa ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka hana wani abu. Na ji shi sarai.

Takardar da na yago daga littafin Anisa ta ƙare, kuma mai kai wasiƙa gidan waya na tsaye a zaure. Ka yi tunanin kacici-kacicinka. Ramatu na gaishe ka, Anisa na gaishe ka, wancan ma na san zai ce a gaishe ka. Ka riƙe salla.

Ni ce uwargidanka,
Asabe.

Ƙaura Namoda.
Mayu, 2001.

Zuwa ga angona, malalacin miji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka, mu nan lafiya lau, sai zafi da jiran ruwa. Wasiƙarka ta iso, da zanen da ka aiko. Zanen ya yi kyau, amsoshinka ne ba su yi ba.

Ka ce haƙorin Makka. Haƙorina na nan daram, zo in cije ka ka gani. Ka ce goro. Wane goro ne zai kwana a bakina ban tauna ba? Sa'an nan ka ce tsegumi. Mara kunya! Wannan ai ba na barinsa ya huce. Sake tunani, ni kuma bari in ci gaba da ƙarata.

Da muka wuce Yamai kwalta ta ƙare, su gudaro suke ce mata, muka hau jar hanya mai kwazazzabai har hanjina ya koma wuya. A ƙofar gandun aka haɗa mu da ɗan rakiya, wani Bazabarme mai suna Bawa, mutumin kirki, Hausarsa ce kawai a karkace. Ya kafa mana doka: kada kowa ya yi nisa da zango ba tare da shi ba, kada kowa ya gangara korama. Ubanka ya yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Riƙe wannan a ranka.

Aka sauke mu a kan wani tudu, ƙarƙashinsa korama ce da ta janye sai ɗan ruwa a ƙwaryar tsakiya. Nan ne wai masauki. Mun baro gida mai rufin kwano da rijiya da makewayi mun zo mu kwana cikin tsumma! 'Yan uwan uwata na Jangeru suna kwana a daji, amma su shanu suke bi. Mu me muke bi? Ubanka ya ɗauko takardar Bature yana karanta yadda ake kafa tanti, ya sa Ramatu ta shiga ciki ta riƙe sanda, abin ya rufto mata, muka yi ta jin salatinta daga ƙarƙashi. Da aka samu suka tsaya, nawa da Anisa na jingine da nasu. Tsakanina da ɗan farina ƙyalle. Ko gyaran murya ban yi ba har muka baro dajin nan.

Sai abinci. Aka shimfiɗa tabarma guda, ya buɗe mini kujerar tsumma daidai gabansa, wai haka iyali ke ci a irin wanga wuri. Na ɗauki ƙwaryar furata na haye wani falalen dutse da ke bayan zangon, inda ba ya ganina, nan ya zama ɗakin cin abincina safe da yamma. Ban ce ba ya da kirki ba. Kullum sai in tarar da jarkar ruwa naɗe da jiƙaƙƙen buhu a gindin dutsen, mai sanyi, ba wanda ya ce ga wanda ya ajiye. Na sha, don kada ruwa ya lalace.

Ka tambaya ko mun ga namun daji. Mun gani. Mun ga gwanki, mun ga ɓauna ta tsaya tana harararmu kamar mun ci mata gona. Mun ga gadu da ɗiyansa suna gudu wutsiya a sama, ubanka ya taka birki yana kabbara. Gadu fa, Mu'awiya, alade mai haure! Mun baro jihar Shari'a mun zo ziyarar alade. Na ce Anisa ta gaya wa direba in mun koma kada ya faɗa wa liman.

Amma waɗanda suka gan mu da kyau su ne birai. Akwai wani ƙaton gwaggon biri mai fuska irin ta dillalin shanu a kasuwar Shinkafi. Ina salla ya zo ya ɗauke jakar gorona ya haye bishiya, ya zauna yana ɓantara yana tofarwa, farin goro mai daraja. Washegari ya dawo ya ja hijabina daga igiyar shanya ya zagaya zango da shi. Kana tsammanin ubanka ya ɗauki sanda? Kyamara ya ɗauka! Uwarsa na tsaye da ɗankwali, shi yana ce wa biri ya ɗan juyo.

Giwa ce dai ba ta fito ba. Muka yi ta yawo a mota, zafi kamar bakin tanda, ba giwa sai kashinta. Kuma ya ɗauki hoton kashin. Ya sauka ya durƙusa ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta gefe, Bawa na tsaye yana gadinsa. Mutumin da ke da ofis da masinja a Gusau! Da yamma na ji yana gaya wa Ramatu wai ba zai koma Ƙaura ba hoton giwa, abokan aikinsa za su yi masa dariya. Na ce a raina ai dariya an riga an gama ta.

Hannuna ya gaji, yaƙi da jahilci bai koya mana dogon rubutu ba. Saura zama ɗaya. In ba ka da amsa ka aiko da gari mai kyau. Kowa na gaishe ka. Ka daina cin abin da ba ka san sunansa ba.

Taka har kullum,
Asabe.

Ƙaura Namoda.
Yuni, 2001.

Zuwa ga Mu'awiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya sauka, an yi shuka, gero har ya fara leƙowa. Na ga ka sallama ka ba ni Madina. Wannan gari na karɓa da hannu biyu, Allah Ya kai mu tare, kai ka ɗauki jaka.

To saurara, kuma kada ka yi dariya, don ni ban ga abin dariya ba.

Ranar da za mu taho, da hantsi, Bawa ya tafi da Ramatu da Anisa kan wani tsauni kusa da zango su hangi kogi. Ya ce wa ubanka ya zauna ya naɗe tanti. Ni kuma na ɗauki ƙwaryata na haye dutsena. Daga can sama ana ganin koramar duka. Ina cikin dama fura sai na hangi mutum da farar hula yana gangarawa, kyamara a wuya. Shi ne. Wanda ya yi ta gyaɗa kai. Ya sami sawun giwa a laka, ya duƙa yana ɗauka, ya ba kurmi baya.

Sai kurmin ya motsa. Na ɗauka dutse ne ya tashi. Giwa ce, Mu'awiya, mace, da ɗanta yana bin ƙafarta, sun taho shan ruwa, ga mutum tsugune a kan hanyarsu. Ashe duk girman nan ba a jin tafiyarta. Ta tsaya. Ta ɗaga hanci. Ta buɗe kunnuwa kamar faifan da ya fi ƙofar zaure.

Na miƙe na ce, "Kai!" Bai juyo ba. Na ce, "Mai mota!" Na ce, "Direba!" Na ce, "Baban Anisa!" Iska na kaɗowa daga wajensa tana maido mini da muryata. Na jefa ludayi, na jefa ƙwaryar da furar duka, ko rabin hanya ba su kai ba. Na duba tsauni, su Bawa sun yi nisa. Giwar ta tura ɗanta bayanta ta fara takowa. Na san wannan turawar. Ba sai an fassara wa uwa ba.

Sai na ji abin ya taso daga cikina. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na buɗe baki na kira shi, cikakke, yadda liman ya faɗe shi. Duwatsun wurin kuma, don baƙin hali, suka amsa suka maimaita, suka kai shi har kan tsauni inda uwarka da ƙanwarka suke.

Ya juyo. Amma ka san inda ya juyo? Ba wajen giwa ba, wajena! Ya miƙe tsaye ya saki baki yana kallona kamar an dasa shi, giwa na bayansa tana tahowa. Dole na sake kira, karo na biyu, na haɗa masa da, "Gudu, sakarai, bayanka!" Sai a lokacin ya waiga. Ban san mai tumbi na iya hawan gangare haka ba. Ya bar takalmi, ya bar hula, igiyar kyamara ta tsinke. Giwar ta zo gindin gangaren ta yi wata ƙara da har yau nake ji a haƙorana, ta taka kyamarar, ta ɗauki hular ta wurgar, ta koma ga ɗanta. Hoton gadu, hoton biri da hijabina, hoton kashi, duk sun tafi. Wannan kaɗai na gode mata.

Ya hawo dutsen da rarrafe ya durƙusa gabana, ƙafa duk ƙaya, yana kuka. Namiji mai furfura. Na ɗauka kukan tsoro ne. Ni kuwa na zauna na juya masa baya na ja mayafi. Muna nan haka su Bawa suka iso da gudu. Bawa ya yi masa faɗa da Zabarmanci da Faransanci da Hausa, duk ya cancanta. Anisa kuwa, maimakon ta duba ubanta, sai ta dube ni ta ce, "Kaka, ashe kin san sunan!"

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai. Kafin mu sauke kaya labari ya zaga Ƙaura. Na je suna gidan maƙwabta, tsofaffin da muka yi zamani tare suna tambayata wai yaya daɗinsa a baki. Mai nama ya aiko mini da tsoka wai yanzu saura nasa. Abin da na tara tun ina yarinya, na zubar da shi a dajin wata ƙasa, gaban Bazabarme da birai, saboda mutum ya ƙi jin magana yana ɗaukar hoton laka.

Kuma ina da zargi. Na aiki Ramatu ta tambaye shi tsakaninsa da Allah ko ya ji "Baban Anisa" ya yi shiru. Ya rantse bai ji ba, iska ce. Na yarda, ba ya rantsuwar ƙarya. Amma sai ya ƙara da cewa wai tun yana yaro a Shinkafi, in an ce na zo ganin gida, yakan laɓe bayan rumbu yana saurare ko zan yi kuskure, don haka wancan kiran ko a kabari yake zai ji shi. Ka ji fa. Wa ya tambaye shi wannan? Na kori Ramatu, na rufe ƙofa, hayaƙin murhu ya dame ni a ido har la'asar.

Tun daga ranar, in ya zo gaishe ni da safe, sai ya gama ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni ƙeya, ya yi ta gyaran hula kamar kurma. Jiya na jefe shi da takalmi. Ya tsince shi ya kawo mini yana murmushi. Wai kuma baɗi Yankari za a je. Ka rubuto masa ka gaya masa, ko zakuna za su yi layi a bayansa, ya riga ya ci rabonsa, sau biyu ma, ɗaya bisa kuskurensa.

Abu guda zan gaya maka, in ka faɗa wa Anisa na sake ka. Da na zo addu'a bayan sallar asuba, na ce "wancan" kamar kullum, sai na ji ya yi mini nisa. Yanzu a nan kaɗai nake faɗi, a hankali, goshina a ƙasa. Allah ba Ya yi wa mutum tsiya.

Ramatu na gaishe ka, Anisa na gaishe ka, tsofaffin unguwa na tambayar yaushe za ka dawo ka auri ɗaya cikinmu. Allah Ya tsare ka, Ya maido mana da kai lafiya. Ka karanta layin ƙarshe sau ɗaya ka sa a wuta.

Ni ce kakarka,
Asabe.

Abin da ke bakina sunan ubanka ne. Shu'aibu.